Dodon Baffa Modu da Gambar Gonar Inna

Tun da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na yi ɗinki cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya kawo yadi shagona a Zakirai sai ya ja benci ya zauna ya ce, "Habu, wai da gaske dodo kuka je nema?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kullum sai ya dawo mini da ƙarin gishirin da ba ni na zuba ba. Jiya wani ya ce ya ji a buhu muka kawo dodon. To ga yadda aka yi, kowa ya karanta ya ƙyale ni in gama ɗinkin mutane.

Asalin tafiyar gona ce. Mahaifiyata, Inna, tana da 'yar gonar da mahaifinmu ya bari a bayan ƙauyenmu, da ita take ci. Kun san ƙasarmu ba jeji, gona na jingine da gona, layin gamba ne kaɗai tsakani. Bana da aka fara sharar gona, Inna ta ce gonarta ta tsuke, gamba ta shigo mata ta cinye wasu kunyoyi. Ga mai babbar gona wannan ba komai ba ne, ga Inna kuwa hatsin da zai kai ta kaka ne. Maƙwabcinta Malam Idi ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, bai taɓa tumɓuke gamba ko ɗaya ba. Magana ta kai gaban dagaci.

Mai shaidarmu ɗaya ne, Baffa Modu, wan mahaifina, wanda da hannunsa suka dasa gambar nan shi da marigayi. Baffa ba ya ƙarya, wannan na sani. Matsalar ita ce yana da wani labari da ya fi shekarunsa na aure tsufa. Wai yana saurayi ya bi fatake Damagaram, aka kai shi silima, ya ga wani ƙaton dodo na dutse mai kan rago, ya fi rimi tsayi, zaune a bakin teku. Wasu matafiya suka sauko daga jirgin ruwa suka ɗebi ruwa a rijiyarsa ba sallama, sai ya miƙe. Nan Baffa yake tsayawa kullum, ya ce sauran ba na yara ba ne. In matasa suka ce a zamanin ai ba kwamfuta, ta yaya za a yi haka, sai ya ce, "Yauwa, kun faɗa da bakinku. Tunda ba kwamfuta, ai na gaske ne aka je ƙasarsu aka ɗauko." Su a ganinsu wannan ya nuna ƙarya yake, shi a ganinsa wannan ya nuna gaskiyarsa.

Da Baffa ya gama ba da shaida a ƙofar gidan dagaci, Malam Idi ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na raina babba. Amma mutumin da ya rantse ya ga dutse ya miƙe yana tafiya, shi ne yau zai ce gamba ta yi tafiya? A wurinsa ai komai tafiya yake yi."

Aka bushe da dariya, har da liman. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffa ya dogara sandarsa ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci. Zan kawo shi nan ƙofar gidanka." Dagaci ya goge hawayen dariya ya ce ya ba shi har ruwan shuka ya sauka. In ruwa ya sauka ba wata hujja, kowa ya shuka inda gamba take yau.

Kada ku ce ban gwada hanya mai sauƙi ba. Na kai Baffa wurin masu gidan kallo, suka yi ta nuno masa dodanni a waya, masu wuta, masu haƙora, masu kai barkatai. Bai san sunan fim ɗin ba, kuma duk wanda aka nuna masa sai ya taɓe baki. "Wannan ba shi da nauyi. Dubi yadda yake sulɓi kamar tarwaɗa. Nawa in ya ɗaga ƙafa sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya ajiye, irin tafiyar hawainiya, kana jin ta a ƙirjinka." Ya ce in ban raka shi Damagaram ba, shi kaɗai zai tafi. Inna ta dube ni, na dubi keken ɗinkina, na rufe shago.

Daga Zakirai muka shiga motar Gumel. Direban Bafulatani ne, yana ganin zanen fuskar Baffa ya ce, "Babarbare, ina zuwa da tsufa haka, ko gishirin manda ne ya ƙare a gida?" Baffa ya ce, "Ja mu je, Allah ya jiƙan saniyar da ka bari ka kama sitiyari, shi ya sa motar take tafiyar kiwo." Na roƙi Baffa tun a gida kada ya gaya wa kowa abin da ya fito da mu. Ba mu kai Gujungu ba duk motar ta sani. Abin da ya ɗaure mini kai, wani dattijo mai buhun barkono a baya ya ce shi ma ya ga fim ɗin a Kano yana yaro, amma kan bijimin sa ne, ba na rago ba. Baffa ya ce rago. Dattijo ya ce sa. Mota ta rabu biyu, mutanen da ba su taɓa ganin abin ba suna ta rantsuwa, har direba ya wuce inda wata mata za ta sauka sai da muka yi baya da ita.

A Maigatari muka sake mota. Ni da ban taɓa fita ƙasa ba na ɗauka iyaka wata katanga ce. Ashe sanda ce a gicciye da 'yan rumfuna, awaki na shiga da fita ba mai tambayarsu takarda. A ɓangaren Nijar jandarma ya karɓi katinmu ya ce, "Lahiya lau? Mi za ku yi Damagaram?" Na shirya amsata tun a hanya, na ce ziyarar 'yan'uwa. Baffa ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙarya ba kyau, Habu. Yallaɓai, dodo za mu nema."

Jandarma ya dube mu, ya dubi katin, ya ce mu biyo shi. Na ce a raina shi ke nan, gona ta tafi, mu ma mun tafi. Ya kai mu wurin babbansu, wani mai furfura, ya yi masa magana da Faransanci. Babban ya cire tabarau ya ce wa Baffa, "Na dutse ko mai fukafukai?" Kafin in gane me ake ciki an jawo wa Baffa kujera, an ɗora shayi. Nasa dodon a Maraɗi ya gan shi, daga kogo ya fito, kuma ya ce har yau in ya tuna yadda yake karkaɗa wuya sai tsigar jikinsa ta tashi. Shayinsu kuma ba irin namu ba ne da za ka kurɓe ka tashi. A ɗan kofi kamar murfin kwalba ake ba ka, a sake dafawa a sake ba ka, in ka tashi kafin na ƙarshe ka yi rashin ladabi. Muna fitowa muka tarar mota ta tafi da jakarmu. Na yi ta faɗa ni kaɗai. Da muka isa Dungas a wata motar, sai ga jakar a rataye a rumfar mai shayi, direban ya bar saƙo a ba tsoho mai dodo. Ko allura ba ta ɓata ba, kuma ni dai na san tashoshin da ba za a yi haka ba.

Mun shiga Damagaram da rana tsaka, gari tsit, shaguna a rufe. Na tambaya ko rasuwa aka yi, aka ce a'a, hutun rana ne, sai la'asar. Acaɓa kuma kabu-kabu suke ce masa. Lissafin kuɗinsu kuwa na bar wa Allah, hannu kawai nake buɗewa mai kaya ya ɗauki nasa. Na sayi burodi, aka miƙo mini wani abu mai tsawon taɓarya, ɓawonsa na iya cire haƙori. Baffa da haƙoransa suka rage kaɗan ya juya shi ya ce zai riƙe shi, ko sandarsa za ta karye a hanya.

Abin da ya kashe mini jiki duwatsun garin ne. Manya-manya, a tsakiyar unguwa, gidaje na jingine da su, wani a kan wani kamar mutum ya durƙusa. Na ce a raina, to ga dodon Baffa. Yaro ya zo daga ƙasar da ba dutse, ya ga waɗannan da magariba, tsufa ya haɗa masa da silima. Ban faɗa ba, amma tun daga nan na fara tunanin abin da zan gaya wa Inna.

Baffa ya nace sai mun sauka a gidan da fatakensu suke sauka a unguwar Zango. Maigidan ya daɗe da rasuwa, amma 'yarsa tana nan, wata tsohuwa mai suna Hajiya Falmata. Ta sa aka share mana zaure, aka kawo tukuɗi, wato garin gero da dabino da cuku a dame, mai daɗi da nauyi, ka sha ka nemi inda za ka kwanta. Ta zauna a bakin ƙofa tana ƙare wa Baffa kallo, can ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Ba kai ne Modun da ya dawo daga silima da takalmi ɗaya ba?"

Baffa ya hau tari. Hajiya ta ce ai ba ta manta ba, a guje ya shigo ya faɗa bayan buhunan goro, sai da babanta ya yi masa tofi. Na ce, "Baffa, ashe sauran da ka ce ba na yara ba ne, kai ma ba ka gani ba?" Ya ce, "Sha tukuɗinka." Dariya ta zo mini, tare da wani sanyi a zuciya, domin ko ba komai yanzu na san silima dai an shiga, kuma an ga abin da ya kori mutum.

Washegari Hajiya ta kwatanta mana inda silimar take. Mun same ta, amma ta zama ma'ajiyar wake. Farin bangon da ake haska fim yana nan tsaye, buhuna sun kai masa rabi. Baffa ya tsaya ya nuna wani lungu ya ce a nan ya zauna. Mai gadi ya ce mu nemi Malam Isufu, shi ne mai juya na'ura a da. Matambayi ba ya ɓata, in ji mutane, amma ranar mun ɓata da tambaya. Duk wanda Baffa ya ce wa muna neman Isufu mai nuna dodo sai ya dube mu da tausayi. Wani bawan Allah ya ɗauke mu a kabu-kabu har ƙofar wani malami mai ruƙiyya, aka shimfiɗa tabarma, malamin ya tambaye ni tun yaushe tsohon yake ganin abin. Na ce tun kafin a haife ni. Ya ce lallai aikin babba ne. Da ƙyar na janye Baffa, wanda ya riga ya fara ba shi labarin rijiya.

Sai bayan la'asar muka dace. Malam Isufu tsoho ne siriri, yana gyaran fanka da rediyo a zauren gidansa. Baffa ya fara kwatance, Malam Isufu ya ajiye abin da ke hannunsa ya lumshe ido ya ce, "Kan rago. Ƙaho ɗaya a karye. Gansakuka a gwiwarsa."

Baffa ya yar da sanda ya kama hannunsa biyu. "Shi ne! Wallahi shi ne! Habu, ka ji ko?" Na ga hawaye a idonsa, ni ma na ji nawa sun kawo.

Malam Isufu ya ce fim ɗin nan ya fi kowanne ba shi wahala, domin duk daren da aka nuna shi sai ya tara takalma a buhu da safe. Baffa ya tambaya ko akwai wani na fata, ƙafar hagu. Malam Isufu ya ce ya makara. Ya ce manyan faya-fayen silima an mayar da su tun tuni, amma da aka fara sayar da tsofaffin finafinai a ƙananan faya-faye ya nemi wannan ya ajiye. Ya tura ƙyauren zaure ya kunna talabijin.

Ni na zauna ne in ga abin dariya. Kala ta koɗe, maganar Faransanci ce, sararin sama kana gani ka san fenti ne. Malam Isufu yana fassara mana, kodayake na lura wani lokacin mutum ya yi magana kaɗan shi ya fassara da yawa. Matafiya suka ɗebi ruwa. Sai aka nuno dodon a zaune, shiru. Yatsa ɗaya ya motsa. Ƙura ta zubo daga kafaɗarsa. Ya fara zaro ƙafarsa daga ƙasa, ya tsaya, ya ƙara, ya tsaya, kamar abin da ya shekara dubu bai motsa ba yana tuno yadda ake yi. Na ga finafinan zamani da ake rushe gari guda ina cin gyaɗa, amma wannan ban san lokacin da na janye ƙafafuna na naɗe su ba. Har yau ban gane dalili ba. Baffa kuwa ya riƙe rigata tamau, amma wannan karon bai gudu ba. Ya ga ƙarshe: matafiyan suka mayar da ruwan cikin rijiya, dodon ya koma ya zauna.

Na ce abin nema ya samu. Maƙwabcin Malam Isufu mai tura waƙoƙi a waya ya juye mini fim ɗin. Muna shirin sallama sai Baffa ya ce, "Malam, wace ƙasa ce wannan? Har yanzu yana nan da rai?"

Malam Isufu ya dube shi, ya dube ni. Na yi masa alama da ido, bai gane ba, ko ya gane ya ƙi. Ya jawo wani gwangwani ya fito da guntun fim, irin na silima, tsawon kamu ɗaya, wanda ya yanke wata rana da fim ya tsinke masa. Ya buɗe ƙyaure ya ɗaga shi a hasken rana. Ƙananan hotuna ne a jere, duk na dodon.

"Alhaji, ɗan mutum-mutumi ne," in ji shi. "Bai wuce tsawon hannunka ba. Baturen da yake kawo mana finafinai ya nuna mini hoton mai yin sa yana riƙe da shi. Sai ya matsar da ƙafar kamar faɗin gashi, ya janye hannunsa, ya ɗauki hoto. Ya ƙara matsarwa, ya ɗauki hoto. Ya yi wata da watanni a haka. In na juya su da sauri sai ka ga yana tahiya. Hannun ne ba ka gani."

Baffa ya karɓi guntun fim ɗin ya daɗe yana dubawa. Malam Isufu ya ce ya riƙe, a madadin takalmi.

A hanyar dawowa ba wasa da direba, ba labarin rijiya. Baffa ya manna guntun fim a gilashin mota yana ta kallo, ni kuma ina kallon gabas inda hadari ya fara haɗuwa. Kaina ya kulle. Mun je kawo hujjar cewa Baffa ya ga dodo, mun dawo da hujjar cewa abin wasan yara ya kore shi ya bar takalmi. Shin mun ci ne ko an cinye mu? Da muka wuce Gumel na ce, "Baffa, mu nuna musu fim ɗin kawai. Maganar mutum-mutumi ba wanda ya tambaye mu." Bai ko juyo ba, ya ce, "Habu, gonar babanka garmar shanu ake sa mata ko fartanya?" Na ce fartanya, Inna ina ta ga shanu. Ya ce, "Ta Idi fa?" Na ce garma. Ya ce to, ya ci gaba da kallonsa. Na ce a raina tsufa ya gama aikinsa, tausayinsa da haushinsa suka cika ni.

Ranar da aka koma gaban dagaci ƙofar gidan ta cika, har da waɗanda ba su san inda gonar take ba. Na jingina waya a jikin buta, dattawa suka matso. Matasa suka fara dariya da ganin kalar. Da yatsan nan ya motsa dariya ta ragu, da ƙafar ta fito daga ƙasa liman ya ce, "A'uzu billahi," ya ja baya da buzunsa. Dagaci ya ce, "Modu, ka ga abin da ka ce ka gani." Na ji daɗi har cikin raina, na ce a tashi haka.

Sai Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, da saura. Na ce na gani, kuma na gani. Amma na ce na gaske ne, wannan kuskure ne. Mutum-mutumi ne, bai kai tsawon hannuna ba."

Na dafe kai. Inna da ke bayan danga tare da mata na ji ta yi salati. Malam Idi ya yi dariya ya ce, "To, ranka ya daɗe, ya faɗa da bakinsa."

Baffa ya zaro guntun fim daga aljihu ya miƙa masa. "Idi, idonka ya fi nawa. Ɗaga shi a rana. Dubi hoto na farko da mai bi masa. Ƙafar ta matsa?"

Malam Idi ya ƙanƙance ido ya ce, "Ba ta matsa ba."

"Na biyu da na uku fa?"

"Duk ɗaya ne."

"To dubi na farko da na ƙarshe."

Malam Idi ya sake dubawa, can ya ce, "Ta matsa."

Baffa ya ce, "Ka rantse ba ka tumɓuke gamba ba, kuma na yarda, ba ka tumɓuke ba. Amma kowace damina garmarka tana aske gindinta ta gefenka, ɗan kaɗan, abin da ba ya kai a yi magana. Ita kuma gamba ba ta mutuwa, sai ta yi 'ya'ya ta ɗaya gefen, inda tsohuwa da fartanya ba ta iya sare ta. Bana kamar bara, bara kamar bara waccan. Ni kuma na ga hoton farko, domin ni na dasa ta."

Ba wanda ya yi dariya. Dagaci ya karɓi guntun fim ya duba da kansa, ya juya shi sama da ƙasa, sannan ya ce a tafi gona. Da aka tsaya a gindin gawon da layin ya fara aka hango ƙarshensa a bakin hanya, kowa ya gani: kai da ƙafa suna nan daidai, amma tsakiya, inda garma take samun sakewa, ta yi ciki ta shigo gonar Inna. Shekaru muna wucewa ta wurin nan ba wanda ya lura, har ni. Malam Idi ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Wallahi ban sani ba." Baffa ya ce, "Ai na ce ba ka sani ba."

Aka ja igiya aka mayar da gamba. Dagaci ya bar wa Malam Idi kunya ɗaya, wai don zaman lafiya, abin da har yau bai kwanta mini ba, amma Inna ta ce in rufe bakina. Ruwa ya sauka a makon, ta shuka geronta har bakin sabon layi.

Ni damuwata Baffa ce. Na ɗauka na raka shi ya binne abin da ya fi so ne, domin tun dawowarmu bai ƙara ba da labarin rijiya ba. Sai ran nan da yamma ya zo shago ya zauna a benci, ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Habu, wayar nan da caji?" Na kunna masa. Ba a jima ba sai ga Malam Idi ya tsaya a bakin ƙofa, wai ya zo tambayar ɗinki, alhali ba shi da yadi a wurina. Baffa ya matsa masa ya zauna.

Na ce, "Baffa, kai da ka san mutum-mutumi ne, ka faɗa a gaban jama'a, me kuma za ka gani?"

Ya ce, "Na sani mana. Yi mana shiru, sun ɗebi ruwan."

Yatsa ya motsa, ƙura ta zubo. Na leƙa ƙarƙashin benci, sai na ga tsofaffin nan biyu sun janye ƙafafunsu sama, Baffa kuma ya sunkuya ya kwashe takalmansa duka biyu ya riƙe a hannu.